Kafin Ka Zaɓi Jami'ar da Za Ka Karanta Ilimin Gandun Daji

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, ɗaliban kimiyya kan yi rububin likitanci da haɗa magunguna, a bar gandun daji ga wanda makinsa bai kai ba. Duk da haka akwai matasa maza da mata da ke son fannin da gaske, kuma tambayarsu ba ta wuce wace makaranta ce ta fi ba. Shawarata gare ka ita ce, kafin ka dubi girman sunan jami'a, ka dubi irin dajin da za ta kai ka da irin aikin da za ta sa hannunka ya saba da shi.

Digiri ko difloma?

Hanya biyu ce. Digirin gandun daji shekara 5 ne, kuma ana neman kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko noma. Ɗaya hanyar ita ce kwalejojin da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa, FRIN, mai hedikwata a Ibadan. Daga cikinsu akwai ta Jos, da ta Afaka a Kaduna mai koyar da aiki da injina, da ta New Bussa mai kula da namun daji. Waɗannan ƙaramar difloma da babba suke bayarwa. Wanda bai samu gurbi a jami'a ba kada ya zauna gida. Ya shiga kwaleji, in ya fito da sakamako mai kyau ya nemi shiga jami'a daga aji biyu.

Ina kake son yin aiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin dajin Nijeriya ba iri ɗaya ba ne. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen gandun daji a 1963, kuma ita da jami'o'in Akure da Abeokuta suna cikin yankin kurmi. A can ɗalibi zai ƙware a kan manyan itatuwan katako, da lissafin abin da gandu zai bayar idan aka sare, da yadda ake busar da katako a kare shi daga gara. Mai sha'awar wannan harka, can ya dace da shi.

Mai son aiki a Jigawa ko Yobe ko Katsina kuwa, matsalarsa daban ce: ruwan sama kaɗan, iska mai binne shuka da yashi, dabbobi masu cinye dashe, da jama'ar da girkinsu ya dogara da itace. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Bayero ta Kano, da ta Maiduguri, da ta Modibbo Adama a Yola, da jami'o'in tarayya na Dutse da Dutsin-Ma duk suna koyar da fannin, kuma suna zaune ne a cikin wannan matsala. Ɗalibinsu yana iya fita ya ga gawo tsaye a tsakiyar gero, ya zubar da ganye da damina bai tare wa shuka rana ba, ya kuma ga yadda ake tsaga daƙwara ta fitar da ƙaro. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015 tana aiki a jihohi 11 masu fama da kwararowar hamada, shirin ACReSAL kuma ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka wanda ya san itatuwan ƙasar suke buƙata.

Je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Idan da hali, ka ziyarci sashen kafin ka cike fom, ka nemi a nuna maka wurin renon itatuwa. Duba ko ledojin a jere suke cike da haɗin ƙasa da yashi da taki, ko akwai rumfar inuwa da rijiyar burtsatse mai aiki. Tambayi ɗan aji uku yadda ake yi wa iri mai taurin ɓawo kafin a shuka. In ya amsa nan take cewa ana jiƙa shi a ruwan zafi ko a kankare shi, to ana aiki a wurin. Ce masa ya auna maka kaurin bishiya. Wanda aka koya wa zai ɗora awon daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, ba tare da dogon tunani ba.

Sai ka tambayi batun aji huɗu, wato shekarar aikin fili. A wane gandu ɗaliban bara suka yi ta, wata nawa suka yi, wa ya biya kuɗin mota da masauki? Matsalar tsaro ta sa wasu dazuzzukan Arewa ba sa shiguwa, don haka kana da haƙƙin sanin wurin da aka sauya. Ka kuma binciki ko ana koyar da aiki da na'urar GPS da hotunan tauraron ɗan'adam, domin yanzu da su ake auna girman daji.

Tantancewa da aljihu

Tabbatar cewa hukumar NUC ta amince da kwas ɗin kansa a wannan jami'ar, ko NBTE idan kwaleji ce. Jami'a na iya zama da lasisi amma wani sashenta ya faɗi a tantancewa, abin da kan jawo wa ɗalibi cikas wajen tafiya hidimar ƙasa. Ku zauna da iyaye ku lissafa kuɗin shekara biyar gaba ɗaya, har da masauki da sufuri da takalmin shiga daji.

Kada kuma ka jingina komai ga aikin gwamnati, domin guraben ma'aikatun gandun daji ba su da yawa. Wanda ya iya renon dashe da aure tsakanin itatuwa da kiwon zuma yana iya tsayawa da ƙafarsa. Ka ware makarantu uku, ka yi wa kowaccensu waɗannan tambayoyi, sannan ka sa wadda ta fi ba da gamsasshiyar amsa a zaɓin farko.