Hoton Zuciya Ga Mai Juna Biyu: Me Likita Ke Nema A Ƙofofin Zuciyarki?

Ya ke mai juna biyu, idan kin zo awo aka saurari ƙirjinki sannan aka ce ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a yi miki hoton zuciya, kada gabanki ya faɗi, kuma kada ki ajiye takardar a ƙarƙashin katifa. Hoton da ake kira eko ɗan'uwan sikanin ɗin ciki ne wanda kika riga kika sani. Za ki kwanta ta gefen hagu, a shafa miki wani mai sanyi a ƙirji, a riƙa goga kan na'ura. Babu allura, babu yanka, ba a kuma amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, don haka ba ya taɓa abin da ke cikinki. Yakan ɗauki kamar rabin awa.

Zuciya tana da ɗakuna 4, kuma kowane ɗaki yana da ƙofa da ke buɗewa jini ya wuce, ta rufe don kada ya koma baya. Biyu daga cikinsu su ne abin magana a nan: ta hagu, wadda likitoci ke kira mitiral, da ta dama, wadda suke kira tirikusfid. Ƙofa tana lalacewa ta hanya biyu. Ko dai ta tsuke, jini ya kasa wucewa yadda ya kamata, ko kuma ta ƙi rufuwa sosai, jini ya riƙa yoyo yana komawa inda ya fito.

A ƙasarmu, abin da ya fi ɓata ƙofar hagu tun yarinta yake farawa. Yarinya 'yar shekara 5 zuwa 15 ta yi ciwon makogwaro da zazzaɓi, ba a ba ta magani ba, ko kuma aka kai ta wurin wanzami aka yanke beli. Bayan mako 2 ko 3 sai gwiwa da idon sawu su kumbura, ciwon ya riƙa tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. A ce sanyi ne. Gaɓoɓi su warke, kowa ya manta, amma ƙofar zuciya ta ci gaba da yin tabo a hankali har shekaru. Mace da yawa ba ta sanin tana da wannan matsala sai cikin fari ya tona ta.

Dalili kuwa shi ne, lokacin goyon ciki jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan rabi, bugun zuciya kuma yana ƙara sauri. Ƙofar hagu mai lafiya faɗinta murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne, wato yatsu biyu za su shige ta. Idan ta tsuke ta koma 1.5 ko ƙasa da haka, an shiga mataki mai tsanani. Jini mai yawa ya zo ƙofa ƙarama, ga shi babu isasshen lokacin wucewa, sai ya taru a baya, ruwa ya kwanta a huhu. Nauyin yakan kai ƙarshensa tsakanin mako na 28 da na 32, sai lokacin naƙuda, sai kuma kwanakin farko bayan haihuwa. Shi ya sa muke son a yi hoton tun ciki yana ƙarami, idan da hali ma tun kafin a ɗauki cikin.

Abin da ke rikita mutane shi ne kowace mai ciki tana ɗan haki, ƙafarta tana ɗan kumbura. To amma wadda ba ta iya kwanciya sai ta tara matasan kai, ko numfashi ya tashe ta tsakar dare, ko tana tari da daddare har da jini, ko zuciyarta na bugawa barkatai, ko ɗan sharar tsakar gida ta sa ta zauna tana haki, wannan ya wuce laulayi. Maigida da uwar miji, ku ne kuka fi ganin wannan. Kada a ce ragwanci ne.

Likita yana auna faɗin ƙofar a jikin hoton, ya duba kaurinta, ya ga ko ɗakin da ke bayanta ya buɗe ko jini ya daskare a ciki. Irin wannan gudan jini ne ke ɓallewa ya je ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Za ki ga launin ja da shuɗi suna motsi a allon na'ura. Ba su nufin jini mai kyau da marar kyau, alkiblar da jinin ya dosa kawai suke nunawa, kuma da su ake gane yoyo. Tun asali ma, lokacin da likita Inge Edler ya fara gwada wannan hoto a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1953, ƙofar hagun ce ya fi mayar da hankali a kai.

Ƙofar dama ba kasafai take lalacewa ita kaɗai ba. Yawanci cunkoson da ya taso daga hagu ne ke bi ta huhu ya matsa mata har ta fara yoyo, sai ƙafafu da ciki su kumbura, jijiyoyin wuya su tashi. Daga ƙarfin wannan yoyon ne likita ke lissafa yadda jini ya takura a huhu. Amma idan kin ga an rubuta cewa akwai ɗan yoyo kaɗan a ƙofar dama, wannan ana samunsa ga masu ciki da yawa da lafiyarsu ƙalau. Kuma gaba ɗaya, ciki ya fi jure yoyo a kan tsukewa.

Hoton yana kuma raba ciwon ƙofa da raunin naman zuciya da ke kama mata gab da haihuwa ko lokacin jego. Wannan ya yi yawa a yankinmu: wani bincike da aka yi a wannan asibiti aka buga a 2007 ya same shi a haihuwa 1 cikin kowace 102. Alamominsu iri ɗaya ne, amma maganinsu ya bambanta, kuma kunne kaɗai ba ya rabe su.

Sakamakon ne zai nuna inda za ki haihu. Wadda tsukewar tata kaɗan ce tana iya ci gaba da awo kusa da gida, tana zuwa Sakkwato lokaci-lokaci. Wadda tata ta yi tsanani, idan tana Lambara ko wani ƙauye na Bodinga ko Shagari, gara ta dawo kusa da asibiti tun kafin watanta ya kama, domin ruwa na iya cika huhu kafin a samo mota a kan hanya. Yawanci ana haihuwa da kai, ba lallai sai an yi tiyata ba. Akwai ƙwayar rage gudun zuciya, da ta rage ruwa, da allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 don kada ciwon ya sake taɓa ƙofar. Idan magani ya gaza, ana iya buɗa ƙofar da wani siririn bututu mai balan-balan, galibi bayan mako na 20, a cibiyoyin da ke yin aikin.

Idan kina shan Warfarin, Lisinopril ko Enalapril, ki zo da kwalayensu da zarar kin yi ɓatan wata, domin suna iya cutar da jariri. Likita ne zai canja miki, kada ki daina da kanki. Bayan haihuwa ki yarda a riƙe ki kwana 2 ko 3 ko fiye. In kin koma gida, a rage miki gishiri, a bar kunun kanwa, domin kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri, wankan jego kuma a sassauta zafin ruwan. Takardar sakamakon hoton ki adana ta tare da katin awo, ki zo da ita a duk cikin da zai biyo baya.