Harajin VAT: Abin da Mai Sana'a Zai Yi da Wanda Ba Zai Yi Ba

Kada ka lissafa kuɗin VAT a cikin ribarka. Kashi 7.5 cikin 100 da ka ɗora wa mai saye amana ce aka ba ka ka kai wa hukuma, kai ɗan aike ne kawai a tsakani. An fara karɓar wannan haraji a Najeriya a 1994 a kan kashi 5, aka mayar da shi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020, kuma sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026 sun bar shi a nan. Hukumar FIRS da ka sani ita ce yanzu NRS. Duk wanda ya karɓi wannan kuɗi daga hannun jama'a ya zuba shi a jari, ko ya biya hayar shago da shi, ya ci abin da ba nasa ba, kuma ranar da aka zo bincike sai ya biya da tara da kuɗin ruwa a kai.

Ka fara sanin ko dokar ta hau kanka. A dokar 2019, wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba an ɗauke masa. Sabuwar doka ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 100, in dai kadarorin kasuwancin ba su kai miliyan 250 ba. Amma ka lura da kyau: jimillar ciniki ake aunawa, ba abin da ya rage maka bayan ka cire kuɗin kaya ba. Nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke cinikin naira 350,000 a rana, kwana shida a mako, ya haye miliyan 100 a shekara, ko da ribarsa a kan kowane turmi ba ta taka kara ta karya ba. Kada ka ce ai shagona ƙarami ne. Ɗauko littafinka ka tara, ka haɗa da abin da ya shigo ta POS da tiransifa.

In kai lauya ne, ko akanta, ko mai irin wannan aiki na ƙwararru, kada ka fake da wannan sassauci. Doka ta cire ka daga sahun ƙananan 'yan kasuwa ko nawa ne cinikinka.

Kada ka ɗora VAT a rasit alhali ba ka yi rajista ba, ba ka kuma kai wa kowa komai. Wannan ɗabi'a ta fi komai ɓata mini rai, domin talaka mai saye ne ake zalunta, yana biya da zaton kuɗinsa zai je baitulmali. Ka yi rajista, ka karɓi lambarka ta TIN, ka buga ta a kan rasit ɗinka tare da sunan kasuwancinka da kwanan wata, ka rubuta farashi daban, haraji daban.

Ka karɓi rasit a kan duk abin da ka saya don sana'arka, ka adana shi, domin kuɗi ne. Ɗauki misalin mai maɗaba'a da ya buga wa wani kamfani kalanda a kan naira 400,000. Ya ɗora VAT na 30,000. Amma shi ma da ya sayi takarda da tawada na 200,000 ya biya 15,000. Abin da zai kai wa hukuma shi ne bambancin, wato 15,000. In ya jefar da rasit ɗin dillalin takarda, ko ya saya a wurin wanda ba ya rubuta harajin a fili, 30,000 zai biya cif, babu mai sauraron rantsuwarsa. Sabuwar doka ma ta faɗaɗa wannan dama: harajin da ka biya a kan injin aiki ko a kan wani aiki da aka yi wa kasuwancinka yanzu ana iya cire shi. Ajiye takardunka shekara shida. Rasit ɗin POS kuwa rubutunsa yana gogewa da zafi, ka ɗauki hotonsa tun yana sabo.

In farashinka ya riga ya haɗa da haraji, kada ka cire kashi 7.5 daga jimillar, za ka cuci kanka. A cikin naira 10,750, harajin 750 ne.

Kada ka wuce ranar 21 ga wata. Cinikin Maris, bayaninsa da kuɗinsa su isa kafin ƙarewar 21 ga Afrilu. Watan da ba ka sayar da ko allura ba, in dai kana cikin waɗanda dokar ta hau, ka shigar da bayanin cewa babu ciniki. Yin shiru laifi ne, tararsa naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Shawarata, ka buɗe asusu na dabam a banki, duk ranar da aka biya ka ka tura kason hukuma can, kada ka taɓa shi ko da kaya sun yi araha a kasuwa.

Kada ka ɗora haraji a kan abin da doka ta sauke: kayan abinci na yau da kullum irin su hatsi, da magunguna, da littattafan karatu. Mai kantin da ke sayar da gero da sabulu a wuri ɗaya sai ya raba lissafinsu.

In ka yi wa ma'aikatar gwamnati kwangila, ita ce za ta cire VAT ta kai da kanta. Ka nemi takardar shaidar cirewar, ka ajiye, kada a sake tambayarka kuɗin da ya riga ya tafi.

Kada kuma ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin shago da sunan VAT, ko da ya zo da riga mai tambari da ƙunshin rasit. Wannan haraji na tarayya ne, ta banki ko ta shafin hukumar ake biyansa, a ba ka shaida mai ɗauke da lambarka. In akanta ne ke biya maka, kada ka yarda da "an gama, Alhaji." Ka ce ya kawo maka shaidar kowane wata ka gani da idonka, domin in ya yi sakaci sunanka ne a rajista, kai za a nema.