Kuɗin Shago Ya Koma Cikin Waya, Wa Ke Gadinsa?

A da, idan an tashi kasuwa, maigida zai ƙirga cinikin ranar, ya ɗaure kuɗin da roba, ya zuba a akwatin ƙarfe, ya danna kwaɗo biyu, sannan ya bar wa maigadi amana. Kowa a shagon ya san wanda makulli ke hannunsa. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, ciniki ya koma taransifa da POS, har wajen mai shayi da mai kayan miya. Akwatin ƙarfen yanzu waya ce a aljihun yaron shago, kwaɗon kuma lambobi huɗu ne da mutum uku ko huɗu suka sani, wani ma ya daɗe da barin aiki. Shawarar yau ta masu irin wannan shago ce, da masu POS, da matan da ke riƙe da kuɗin adashi ko na ƙungiya a asusunsu.

Bari in fara da labarin wani babban banki, don kada wani ya ɗauka ƙaramin mutum ne kaɗai ake yi wa. A watan Fabrairu na 2016, masu kutse sun shiga kwamfutocin Babban Bankin Bangaladash, suka aika umarni 35 zuwa asusun bankin da ke Niyok ta Amurka, suna neman a fitar da kusan dala miliyan 951. An tsayar da mafi yawa, amma dala miliyan 81 ta wuce zuwa ƙasar Filifin, ta ɓace a gidajen caca. Wata dala miliyan 20 da aka tura Siri Lanka ta dawo, saboda ɓarayin sun yi kuskuren rubuta kalma ɗaya a sunan wanda za a biya, wani ya lura ya yi tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da suka zaɓa. Daren Alhamis suka aika umarnin, Juma'a kuwa ranar hutu ce a Bangaladash. Na'urar da ke buga takardun shaidar ciniki ta ƙi aiki, domin sun riga sun taɓa ta, waɗanda suka leƙo ofis kuma suka ɗauka lalacewa ce irin ta kullum. Kafin a gane, Amurka ta shiga hutun Asabar da Lahadi. Ranar Litinin kuma Filifin na hutun sabuwar shekarar Sinawa. Kwana huɗu ke nan ɓarawo na gudu, mai kaya na neman wanda zai ɗaga masa waya. Masu bincike na Amurka sun ce ƙofar da aka fara bi wasiƙar imel ce ta neman aiki da aka aika wa ma'aikatan bankin tun shekarar da ta gabata. Gwamnan bankin, Atiur Rahman, ya ajiye aiki a watan Maris na shekarar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagin nan ba a jikin na'ura ya fara ba, a jikin mutane ne da yadda suka saba aiki.

Shi ya sa da Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet ga bankuna a 2018, bai tsaya kan sayen na'urori ba. Ya ɗora nauyin a wuyan hukumar gudanarwar kowane banki, ya ce a naɗa babban jami'i guda wanda tsaron bayanai ne aikinsa, a riƙa auna haɗari, a kuma kai rahoton kutse cikin gaggawa. A 2022 ya faɗaɗa wannan zuwa sauran cibiyoyin kuɗi irin su ƙananan bankuna. Ma'anar ita ce a san wanda za a tambaya tun kafin abu ya faru. To, a shagonka, Alhaji, kai ne hukumar gudanarwa, kai ne jami'in tsaro. Idan ba ka kafa doka ba, babu wanda zai kafa maka.

Dokar farko da nake so ka kafa ita ce raba kuɗi. Kada asusun da kwastomomi ke turo kuɗi ya zama shi ne rumbun jarinka. Lambar wancan asusu tana liƙe a bangon shago, yara na duba shi, yana haɗe da POS. Ka bar masa abin da zai ishi hidimar yini, kowace yamma ka kwashe saura zuwa asusu na biyu wanda ba shi da katin ATM, ba ya kan wayar kowa sai taka. Ka je banki ko ka shiga manhaja ka rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. Mutane da yawa na roƙon a ɗaga musu iyaka zuwa miliyoyi saboda sayen kaya da suke yi sau ɗaya a wata, sai su bar ta a buɗe sauran kwana ashirin da tara. Ɗaga ta ranar da za ka biya dila, ka sauke ta da ka gama. Wannan iyaka ita ke yanke yawan asarar da za ka yi ranar da komai ya lalace.

Sai maganar layi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne na ga an fi kuka. Layin wayar da ke haɗe da asusunka da BVN ɗinka shi ne makullin gaske. Ɓarawon da ya fizge waya a Keke Napep ko a cunkoson ɗaurin aure sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Cire layin yake yi ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga lambar BVN, ya bi saƙonnin alat ya gane bankinka, daga nan ya fara gwada sa'arsa. Zanen yatsa ko hoton fuska da ka kulle babbar wayarka da shi bai kare layin ba ko kaɗan. Layi yana da nasa makulli daban, wato lambar sirri ta SIM, tana cikin saitin tsaro na kowace waya. Idan ka kunna ta, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi lambar, kuma in an yi kuskure sau uku layin ya kulle sai da lambar PUK. Minti biyu ya isa a kunna wannan lambar sirri, amma ka tambayi mutum goma a layinku na kasuwa ka ji nawa suka yi. Ka adana katin da layin ya zo a jikinsa a gida, don PUK ɗin na rubuce a kai.

In da hali, ka ware layi guda na banki kawai, wanda ba a buga shi a allon shago ba, ba a kuma yin WhatsApp da shi. Sai dai ka riƙa sa masa kati kana ɗan kira da shi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, alat ɗinka ya koma hannun baƙo. Haka kuma idan sabis ya ɗauke a wayarka kai kaɗai alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka ce bari sai gobe. Mai yiwuwa wani ya je ya yi welkom-bak da sunanka, wato ya karɓi layinka a sabon kati. Kira banki da wayar wani nan take.

Game da masu kira suna cewa daga banki suke, za a rufe asusunka in ba ka sabunta BVN ba, ko an zaɓe ka cikin masu tallafi, magana ɗaya ce: banki ba ya tambayar lambar sirrinka, ko lambobin bayan kati, ko lambar nan ta OTP da ake turowa a saƙo. Ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, ko ya yi maka sallama da Hausa mai daɗi, kashe wayar. Kai ka sani, amma yaronka fa? Mahaifiyarka da ka buɗe wa asusu fa? Zaunar da su ka faɗa musu, kuma ka ba su izini a fili su kashe wa kowa waya ba tare da jin kunya ba. Kunyar katse babba ita ce abin da 'yan damfara suka fi ci da shi a wajenmu.

Alat na bogi kuwa maganinsa sananne ne, sakaci ne ke hana bi. Saƙon tes ko hoton rasit a wayar kwastoma ba shaida ba ne. Kaya ba ya fita sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin ya hau kan balas. Ka mayar da wannan dokar shago, ka rubuta ta a bango, don yaro ya samu abin nunawa idan wani mai babbar riga ya matsa masa da cewa yana sauri.

Akwai wata magana mai nauyi da ba a son yi. Na san wani ɗan kasuwa, mutumin kirki, da ya ba yaransa uku lambar sirri guda saboda ya yarda da su duka. Da kuɗi ya yi ɓatan dabo, bai san wanda zai tuhuma ba, sai zargi ya hau kan ukun, har da wanda ya yi masa hidimar shekara goma. Ban san wanda ya ɗauka ba, shi ma bai sani ba har yau, amma zumunci ya lalace. Raba makulli ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga yaron kirki. Wanda ke duba shigowar kuɗi ba sai ya iya fitarwa ba. Bankuna da dama suna da tsarin asusun kasuwanci inda mutum ɗaya ke shigar da biya, wani daban ya amince, ka tambayi naka. Masu kuɗin ƙungiya, ko na masallaci, ko adashi mai yawa, ku daina ajiyewa a asusun mutum ɗaya, ku buɗe na ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Duk ranar da yaro ya bar aiki, ko an rabu lafiya har da addu'a, a canza lambobin sirri a ranar. Kuma a riƙa haɗa lissafi kowace yamma, littafi da manhaja, musamman daren Juma'a da jajibirin Sallah. Ka tuna da Bangaladash.

Wasu na kwantar da hankalinsu da cewa ai akwai inshorar NDIC. Gaskiya ne tun 2024 hukumar ta ɗaga kariyarta zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Amma wannan na ranar da banki ya durƙushe ne. Ba ta biyan wanda aka yaudara ya ba da lambarsa.

Saura abin da za a yi idan ta riga ta faru. Kuɗin sata ba ya kwana a wuri ɗaya, ana rarraba shi zuwa asusu da yawa cikin mintuna, don haka sa'ar farko ta fi sati guda na zirga-zirga daga baya. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu, wasu ma daga wayar wani. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda tare da lambar kiran banki da ta kamfanin layinka, ka ajiye ɗaya a shago ɗaya a gida wajen uwargida. Kada ka adana su a cikin wayar kaɗai, don ita ce za a sace. Rufe asusu tukuna, sannan layi, sannan ka je reshe ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin, ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya tafi a dakatar da asusun can. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, domin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan irin wannan. Kada ka goge saƙo ko lambar da ta kira ka saboda ɓacin rai, su ne hujjarka. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ka rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, ka haɗa da lambar shaidar nan da kwafin takardar da ka fara kai wa bankinka.