Daga Gado Zuwa Makewayi: Yadda Za a Gyara Gida Don Mai Nakasa

A Samaru Kataf da kewayenta, har Zonkwa da Kagoro, magina na ɗaga dokin ƙofa sosai saboda ruwa, don damina a nan takan faɗi tun Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Mai lafiya ba ya ma lura da shi. Amma wanda shan-inna ta taɓa, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko hatsarin babur ya zaunar da shi, wannan ɗan tudun ne ke sa shi jiran mai ɗauka kullum. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyinsu. Tsakar gida kuwa aikin iyali ne, kuma yawancinsa bai fi ƙarfin magini da kafinta da mai walda na gari ba.

Mataki na ɗaya: a bi hanya tare da mai ita. Kafin a sayi ko ƙusa, a samo tef ɗin awo, a bi mai nakasar daga gado zuwa makewayi, wurin wanka, madafa da ƙofar gida. Duk inda ya tsaya sai an tallafe shi, a sa alama da gawayi. Shi za a tambaya abin da ya fi damunsa, kada 'yan'uwa su yanke masa.

Mataki na biyu: makewayi. A nan ya kamata kuɗin farko ya tafi, domin babu abin da ke karya zuciyar babba irin a riƙa ɗaukarsa zuwa bayan gida. Idan masai ne na tsuguno, kafinta ya ƙera kujerar katako mai ƙarfi, mai rami a tsakiya, tsayinta kamar santimita 45 zuwa 48, daidai da mazaunin keken guragu, yadda mutum zai zame daga wannan zuwa wancan ba tare da an ɗaga shi ba. A shafe ta da fenti mai mai don ta wanku, a yi wa ramin murfi saboda ƙudaje. Wasu na huda kujerar roba ta biki; ban ba da wannan shawara ba, don robar da aka yanka takan tsage ba zato. Mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe a kafa a gefe, tsayin santimita 80 zuwa 90. In bangon na ƙasa ne, kada a dogara da shi: a binne ƙafafun ƙarfen cikin siminti a daɓe. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki ya tokare ta, a iya shiga. Buta da sabulu su kasance inda hannu ke kai wa daga zaune.

Mataki na uku: gangara a madadin matakala. A nan magina suka fi kuskure, sai su zuba siminti a tsaye kamar na shigar da babur. Ƙa'idar ita ce, kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar 12 na tsawo. Ga magini, a faɗa masa da yarensa: tudu mai tsayin bulo ɗaya yana son gangara mai tsawon bulo shida. Faɗinta kada ya gaza santimita 90, a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa, a kuma ɗan ɗaga bakinta hagu da dama don kada taya ta zame. Kafin siminti ya bushe a ja tsintsiya a kansa ya yi kaushi. Tayil mai sheƙi, da ruwa ya taɓa shi, ya zama tarko. In an sare dokin ƙofa, a haƙa ƙaramar magudana a gabanta, a rufe da ƙarfe mai raga, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwana a ɗaki.

Mataki na huɗu: ƙofa da tsakar gida. Keke na son ƙofa mai faɗin santimita 80 aƙalla, 90 ya fi, da filin juyawa na mita ɗaya da rabi a ɗaki. A tsakar gida ba sai an malale ko'ina ba. Siririyar hanya ta siminti ko marmara da aka daɓe da kyau ta isa.

Mataki na biyar: keken kansa. Irin na asibiti mai naɗewa, mai ƙananan tayoyin gaba, na farfajiyar asibiti ne. Jar lakar damina tana cinye shi. Don zuwa kasuwa, coci, masallaci ko makaranta, keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu ya fi, musamman da yake kayan gyaransa na keken hawa ne, kowane mai faci ya san su. Cibiyar Beautiful Gate da ke Jos ta daɗe tana ƙera irinsa tana raba wa waɗanda shan-inna ta nakasa. Kafin a saya ko a karɓa, a ga likitan gashin ƙashi a babban asibitin Kafanchan ya auna mutumin. Kada a manta da matashin zama mai kauri. Wanda lakar bayansa ta taɓu ba ya jin zafin zama, sai gyambo ya buɗe; ya riƙa ɗaga jiki ko karkatawa duk minti 15 zuwa 30, a kuma duba fatar kullum.

Mataki na shida: ƙananan abubuwa. A sauko da makunnin wuta da sakata zuwa kamar mita ɗaya daga ƙasa. A daidaita tsayin gado da na keke. Ga makaho, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, a rufe rijiya, a daina sauya wa kaya wuri ba a gaya masa ba. Ga kurma, mai gyaran wuta zai iya haɗa ƙwan lantarki da maɓallin ƙofa, ya haska idan an yi sallama.

Kada a cika wa magini kuɗinsa sai mai nakasar ya hau gangarar ya sauko shi kaɗai, a bushe da kuma bayan an watsa mata bokitin ruwa.