Haƙƙin Yara A Kan Malaminsu Na Aji

 

Darasinmu na wannan mako a kan ajin firamare yake, watau ɗakin nan da muke tura 'ya'yanmu kullum safiya tun suna 'yan shekara 6, su yini tare da yaran da ba su taɓa sani ba, a hannun mutumin da ba shi ya haife su ba. Tun da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a shekarar 1976, aka kuma sabunta shi a 1999, yara suka yi ta kwarara makarantu, har ya zama a garuruwa da yawa malami guda yana fama da ajin da ya cika ya batse, wasu bisa benci wasu bisa tabarma. To, a irin wannan taro, kafin a kai ga karatu da lissafi, sai an fara koya wa yara zama da juna. Idan wannan bai samu ba, sauran duk wahala ce.

Kada wani ya zaci wannan magana sabuwa ce, ko kuwa daga Turawa muka aro ta. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun riga sun yi rubutu a kanta tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ɗan mai Mudawwana, ya wallafa wani ɗan littafi a birnin Ƙairawan, cikin ƙasar Tunisiya ta yanzu, mai suna Adabul Mu'allimina, dukkansa a kan ladubban masu koyar da yara. Bayansa Abul Hasan Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, ya faɗaɗa zancen. Abin da ke ba mutum mamaki in ya karanta su shi ne, matsalolin da suka ambata su ne dai namu na yau: babba ya ci zalin ƙarami, malami ya fifita ɗan mai kuɗi, a aiki yara zuwa hidimar gidan malam, a yi duka cikin fushi.

Abu na farko da suka ɗora wa malami shi ne adalci tsakanin yara. Ɗan Sahnunu ya wajabta masa ya daidaita ɗan mawadaci da ɗan matalauci wajen koyarwa. Asalin wannan kuwa yana cikin Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashiru ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da sauran 'ya'yansa, ya zo yana neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, sai ya ƙi, ya umarce shi da ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. In har wannan ne hukuncin uba a kan dukiyar da ya mallaka da kansa, ina ga malamin da aka ba shi amanar 'ya'yan mutane, ana kuma biyansa albashi a kai?

Rashin adalci a aji ba safai yake zuwa da babbar kama ba. Yakan zo ne ta wajen wa ake zaunarwa a gaba, wa ake kira ya amsa tambaya, littafin wa ake fara dubawa, wa ake aika ya ɗauko alli daga ofishin hedimasta. Yaro ɗan shekara 7 bai san ma'anar kalmar zalunci ba, amma ya san an kira Wane sau uku yau, shi kuwa tun farkon zango ba a ko ambaci sunansa ba sai a rajista. Daga nan ne hassada ke tsirowa, kuma ba a kan malam yaro zai huce ba, a kan ɗan gaban goshin zai huce in an fita tara. Faɗace-faɗacen da ake raba yara a kansu a filin wasa, da yawansu a gaban allo aka shuka su.

Akwai wani hadisi na Sahlu ɗan Sa'adu da ya kamata kowane malamin firamare ya riƙe shi. An kawo wa Manzon Allah abin sha, ya sha, a damansa akwai wani yaro, a hagunsa kuwa dattawa. Ka'ida ita ce na dama ake fara miƙa wa. Sai ya nemi iznin yaron ya fara ba dattawan, yaron ya ƙi sarayar da rabonsa, Annabi kuwa ya danƙa masa ƙoƙon a hannu. Ku duba fa, ya masu karatu. Bai ce wannan ai yaro ne, ba shi da ta cewa ba, bai kuma ɗauki ƙin nasa rashin kunya ba. Ka'idar da aka kafa ta zauna daram ko da a kan manya. Haka dokokin aji suke. Su zama kaɗan, kowa ya san su tun ranar farko, sa'an nan su hau kan kowa, har da shi malamin. Wanda ke dukan yara don sun makara alhali shi ma sai rana ta take yake shigowa, abin da ya koya musu shi ne doka ta marar ƙarfi ce kawai.

Sai kuma harshe. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, aya ta 12 ta hana mugun zato da giba. Muna karantar da waɗannan ayoyi, amma sau nawa sunan banzan da ya bi yaro har girmansa daga bakin malami ya fara fita? Malam ya ce masa daƙiƙi ko jaki sau ɗaya cikin ɓacin rai, shi ya manta kafin azahar, su kuwa 'yan aji sun samu suna har aji 6. Alƙabisi ya ja kunnen malamai ƙwarai a kan zagin yara da kiransu da sunan dabba irin su biri. Anas ɗan Maliku ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma ba da shaida cewa bai taɓa yi masa ko da tsaki ba, kuma shi ne ya ruwaito cewa Annabi yakan yi wa yara sallama in ya wuce su. Malamin da ya tsaya a ƙofar aji da safe yana yi wa yara sallama yana kiran sunayensu ya raya Sunna, kuma ba da daɗewa ba zai ji su suna yi wa junansu.

Yadda ake gyara kuskure ma an nuna mana. Umaru ɗan Abu Salama, agolan Manzon Allah, yana yaro hannunsa yakan yi yawo cikin akushi. Annabi ya kira shi da taushin murya, ya koya masa ya yi bisimilla, ya ci da dama, ya ci daga gabansa. Umaru ya ce haka cinsa ya zama har abada. An gaya masa abin da zai yi, a taƙaice, ba tare da an kunyata shi ba. Mu kuwa mun fi yawan cewa "bari" da "daina", yaro ya daina, amma ya rasa abin da ake so ya kama.

To, sai maganar bulala, wadda na san ita ce wasu ke jira. Gaskiya ne malamanmu na dā ba su haramta ta ɗungum ba, amma sun ɗaure ta da igiyoyi masu yawa. Ɗan Sahnunu ya ce kada a wuce uku sai da iznin uba, kada a taɓa fuska ko kai, kada a yi duka don huce fushi, kada kuma a hana yaro abincinsa. Wanda ya auna dorinar da ake sauke wa yara a wasu makarantunmu da wannan ma'auni ya san ba daga littafin malamai aka samo ta ba. Ko salla ma, ginshiƙin addini, hadisin Abu Dawuda ya ce a umarci yaro da ita yana shekara 7, ba a ambaci duka ba sai ya kai 10, watau shekara 3 cur ana lallashi. Nana A'isha kuma ta shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808, ya keɓe fasali guda cikin Muƙaddima a kan illar tsanantawa ga ɗalibai, inda ya bayyana cewa tana gadar da kasala da ƙarya da yaudara, domin yaro yakan koyi nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. Ajin da ya yi tsit don tsoro, da malam ya ba da baya sai ya koma kasuwa.

A nan ne nake ganin al'adar nan tamu ta monita tana bukatar gyara. A ɗauki yaro guda, galibi mafi ƙarfi, a ba shi takarda ya rubuta sunayen masu surutu, wani lokaci har a miƙa masa tsumagiya. Sai ya rubuta wanda ba ya shiri da shi, ya bar abokinsa, wasu ma har su riƙa saya da kuɗin tara ko gyaɗa don kada sunansu ya shiga. Ashe mun koya wa ɗan shekara 9 cin hanci da annamimanci da hannunmu. Ɗan Sahnunu ya hana malami ya wakilta wani yaro ya doki ɗan'uwansa, bai kuma yarda a naɗa musu shugaba daga cikinsu ba sai wanda ya riga ya sauke, ya wadatu da karatun.

Abin da ya fi shi ne a raba hidimar aji ta riƙa zagayawa. Wannan mako waɗannan ke shara, waɗancan ke goge allo, wasu ke ɗebo ruwa a randa, mako mai zuwa a juya, har ɗan hakimi ma tsintsiya ta zo hannunsa. A haɗa mai ƙoƙari da mai rauni su zauna wuri guda, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo a makarantar allo, a kuma yaba wa mai biyawar in ɗan'uwansa ya ci gaba. Manzon Allah da ya isa Madina ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum, don kada baƙo ya rasa wanda zai jingina da shi. Yaron da aka kawo sabo tsakiyar zango, wataƙila iyayensa sun taso daga ƙauyensu saboda rashin tsaro, yana bukatar a ce wa wani: ga ɗan'uwanka, kai za ka nuna masa wurin zama da wurin alwala. In wani ya yi kwana 3 bai zo ba, malam ya tambayi 'yan aji wa ke unguwarsu, a yi masa addu'a, a tura maƙwabcinsa ya gaishe shi da jiki bayan an tashi.

Iyaye kuma su sani ba za su ɗora wa malami wannan kaya shi kaɗai su koma gefe ba. Uban da ke cewa da ɗansa duk wanda ya taɓa ka ka rama, ko ya zagi malam a gaban yaro, yana warware da dare abin da aka saƙa da rana. In ɗanka ya kawo ƙara, ka je makarantar da kanka, ka keɓe da malamin, ka ji daga ɓangare biyu kafin ka yanke hukunci.