Kududdufin Gari Ba Juji Ba Ne

Yawancin kududdufan ƙauyukan ƙasar Hausa ramuka ne da kakanni suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika su. Suna shayar da dabbobi, suna kuma shanye ruwan da zai rusa gidaje. Unguwannin Kano da aka cike kududdufansu aka yi gini sun ɗanɗana ambaliya.

Gyaran ba wuya. A yashe kududdufin da rani ta aikin gayya, a tuge kachala tun tana ƙarama, a daina zuba shara da leda, a nisanta masai.

Yara kuwa a hana su wanka a ciki, don katantanwar ruwa ke yaɗa tsargiya. Mai unguwa ya sa ido kan masu yanka fuloti a bakin kududdufin.