Hayar Ɗaki a Gajimare: Daɗinta da Wahalarta

Darasin kwamfuta na wannan makon a kan wani abu ne da ya kusa raba yayana da sana'arsa. A dalilinsa ma na fahimce shi.

Duk manhajar da take aiki ta intanet, akwai wata kwamfuta da take ɗauke da ita, wadda ba a kashewa dare da rana. Sunanta saba. In ka danna wani abu a wayarka, saƙo ne yake tafiya wurinta, ita kuma ta dawo maka da amsa. A da, mai manhaja shi zai sayi sabarsa, ya nema mata ɗaki mai sanyi, ya tanadi janareto. Yanzu manyan kamfanoni sun cika gine-gine da dubban saba suna ba da haya. Wannan ake kira gajimare, ko da yake ba a sama yake ba. A ƙasa yake, cikin gini, yana shan wutar lantarki. Amazon ya fara wannan kasuwa da AWS a 2006, Google ya fito da App Engine a 2008, Microsoft kuma ya buɗe Azure a 2010.

Hayar iri-iri ce. Akwai wadda za a ba ka saba kawai, ka san yadda za ka yi da ita, kamar an ba ka kango. Wadda nake magana a kai ita ce wadda kamfanin yake kula da komai: tsaro, gyara, sabunta tsarin kwamfutar da adana bayanai. Kamar shago ne a filaza mai wuta da mai gadi, naka kawai ka kawo kaya ka jera.

Irin wannan Yaya ya kama. Ya rubuta wata ƙaramar manhaja da masu shaguna a unguwarmu suke rubuta ciniki da bashi a ciki. A yini ɗaya ya ɗora ta, bai sayi komai ba. Ko an ɗauke wuta a gidanmu kwana biyu, manhajar tana aiki. Da sallah ta matso ciniki ya yi yawa, tsarin da kansa ya ƙara mata ƙarfi, ba ta tsaya ba. Kuma ranar da kwamfutarsa ta lalace, ko sunan mai bashi ɗaya bai ɓata ba, tunda ba a cikinta bayanan suke ba. Gaskiya, ga mutum ɗaya marar jari, ban ga hanyar da ta kai wannan sauƙi ba.

To amma da dala ake biyan hayar, su kuwa masu shaguna naira suke ba shi. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin bai ƙara masa ko sisi ba, amma kuɗin da yake fitarwa ya ninka fiye da sau uku. Sannan hayar kamar mitar wuta take, gwargwadon amfaninka gwargwadon kuɗinka. Yaya ya buɗe wata ma'ajiyar bayanai don gwaji, ya manta bai rufe ba, mita tana ta gudu wata guda. Ranar da lissafi ya zo ko tuwo bai ci ba. Baba ya ce ya rufe abin nan ya dawo shago. Sai da Umma ta sa baki.

Ya so ya tashi ya koma wani wuri mai araha, nan ya gano wata matsalar. Ya gina manhajar da kayan aikin wannan kamfanin, kuma ba su dace da na wani ba. Kafin ya tashi sai ya sake rubuta sashe babba. Ga shi mai gida yana iya canza doka duk lokacin da ya ga dama. Misali, Heroku ya daɗe yana ba masu koyo wuri kyauta, sai ya daina a ranar 28 ga Nuwamba 2022.

Akwai kuma nisa. AWS sai a 2020 ya buɗe cibiyarsa ta farko a Afirka, a birnin Cape Town. Saƙonninmu ta wayoyin ƙarƙashin teku suke bi, shi ya sa da wasu daga cikinsu suka yanke a ranar 14 ga Maris 2024, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. A irin wannan rana sabar tana can lafiya lau, kai ne ba ka iya kaiwa gare ta.

Yaya dai bai tashi ba. Ya saita gargaɗi da zai shigo masa da zarar kuɗin wata ya kai dala 10, kuma duk ranar Juma'a ana sauke kwafin bayanan masu shaguna a filas. Wannan aikin nawa ne yanzu, naira 200 yake ba ni, kuma har yau yana riƙe min na sati uku.

Daga wakilinku na aji 2, ƙaramar sakandare